Ƙafar Lurwanu

Tun yana goye Lurwanu yake fama da amosanin jini. Kowa a Badafi ya san shi da shi. Da sanyin damina ya shigo sai ka ji nishinsa daga ɗaki, gaɓoɓinsa kamar ana sassara su, idanunsa sun yi ɗorawa. 'Yan'uwansa uku wannan ciwo ya ɗauke kafin su cika shekara bakwai. Shi kuwa Allah ya raya shi har ashirin da takwas, ya yi aure, yana tufkar igiya da saƙar tabarma tunda noma ya fi ƙarfinsa.

A kakar 1956 ya bi yayansa Shitu gona don ya taya ɗaurin dawa. Nan kututturen kara ya soke shi a ƙaurin hagu. Rauni ne ɗan kaɗan. Ya wanke, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aiki.

Washegari zazzaɓi ya rufe shi, yana ihu in an taɓa ƙafar.

"Ciwonsa ne ya motsa," in ji Shitu. "Halima, dafa masa saiwar nan da kika saba."

Halima, matar Lurwanu, ta ɗora tukunya. Amma Iya, mahaifiyarsu, ta tsaya a bakin ƙofa tana sauraro, sannan ta girgiza kai.

"Ba shi ba ne. Tun ranar da na haife shi nake jin kukan yaron nan, bai taɓa yin irin wannan ba."

Da hantsin kwana na uku ta aika aka kira Maikano wanzami. Ƙaurin ya kumbura ya yi baƙi-baƙi, ga bororo nan da can. Maikano ya ɗan tsaga, sai wani ruwa kamar wankin nama ya fito, da warin da ya kori Halima waje. Ya ɗauki gawayi ya zana layi a inda baƙin ya tsaya, ya ce zai dawo bayan azahar. Da ya dawo, baƙin ya wuce layin da yatsa uku.

Ya goge askarsa ya mayar cikin zabira.

"Iya, ba zan cuce ku ba. Naman ya mutu, kuma mutuwar hawa take yi. Wannan ya wuce ni. Sai asibitin birni."

"Duk wanda aka kai can yanke shi ake yi," Shitu ya ce. "Gara ya zauna a gabanmu."

Lurwanu ma, da ɗan sauran muryarsa, ya ce, "Ku bar ni, Iya. Na gaji."

Iya ta zauna a gefen gadon ta kama hannunsa.

"Uku na zauna ina kallo har aka fita da su, don ban san inda zan kai su ba. Kai an gaya mini. Shitu, nemo mutane."

Mutum huɗu suka ɗauke shi a gadon kara har bakin titin Kano, Iya tana bin su da butar ruwa. Wata motar gyaɗa ta tsaya, aka kwantar da shi a kan buhuna.

A asibiti, likita ya duba ƙafar. Wani malamin asibiti mai suna Umaru shi ya yi musu bayani: ƙwayar cuta ce ta shiga raunin tana cin nama, kuma jinin Lurwanu ba shi da ƙarfin yaƙar ta. Za a yanke duk abin da ya mutu. In ciwon ya tsaya, ƙafa ta tsira. Amma ba za a taɓa shi ba sai an ƙara masa jini.

Shitu, wanda ko allura bai taɓa yarda an yi masa ba, ya dubi uwarsa, ya dubi ƙaninsa. Ya naɗe hannun riga.

"Malam, in nawa zai yi, a ɗiba."

Sau uku ana shiga da Lurwanu ɗakin aiki cikin kwana takwas. Kullum ana tsira masa allurar fenisilin har ya rasa ɓangaren da zai kwanta a kai. Bayan aiki na biyu tsohon ciwonsa ya taso masa, ya haɗu da sabon, har ya daina gane mutane. Iya ta shimfiɗa tabarma a barandar ɗakin da aka kwantar da shi, tana ba shi kunu da ludayi kaɗan-kaɗan. In ya kawar da kai sai ta jira, ta sake miƙawa.

A rana ta goma sha ɗaya Umaru ya warware bandeji, ya kira ta.

"Iya, zo ki gani. Kin ga jan nan? Nama mai rai ke nan."

Ta duba. Ƙaurin ya zama rami, har ƙashi ana hange. Ta ce alhamdu lillahi, ta fita baranda, sai a sannan ta yi kuka.

Daga baya aka yanko fata a cinyarsa ta dama aka lulluɓe wurin. Sai da ya yi wata huɗu a kwance.

Ya koma Badafi ana sharar gona, ramamme, da sanda, ƙafar ta shanye, an kuma yanke mata yatsu biyu. Halima ta daɗe tana kallonta kafin ta ɗauko man kaɗanya ta durƙusa ta fara shafa masa. Amosanin bai bar shi ba. Ruwan farko na sauka ya kwantar da shi kwana shida. Da ya tashi ya ce a fitar masa da kabarsa zaure.

Ranar kasuwar Kiru ta gaba Shitu ya aza shi a jaki da tabarmi biyar. Mutane suka yi ta tsayawa, wasu ciniki, wasu gaisuwa, mafi yawa dai so suke su ga ƙafar. Bai hana kowa ba. Kafin la'asar ya sayar da huɗu, ya sayo wa Iya goro.