Kwanson da ya tsaya da ƙafarsa

A aikin soja, in an ba ka harsashi ashirin, kwanso ashirin za ka mayar. Ana tara su a narkar da su a yi sababbi. In ɗaya ya ɓata, ba mai barin filin harbi.

Wata rana a filin harbi ina kwance kusa da Man-seok, ɗan wani ƙauye a lardin Jeolla, wanda ya girme ni da shekara biyu. Takardar hutunsa tana aljihu. Washegari mahaifinsa zai cika shekara sittin, shi ne kuma babban ɗa, shi zai fara durƙusawa ya miƙa wa tsoho ƙoƙon giya.

Kwansonsa na ƙarshe ya yi tsalle, ya faɗo kan ƙanƙara, ya tsaya cak a tsaye, yana hayaƙi kamar tsoho mai shan lofe. Ban taɓa ganin haka ba. Ni kuwa tun ina ƙarami ba na iya wuce abin mamaki. Na tura shi cikin safata.

Saje Pyo ya ƙirga na Man-seok, sha tara.

"Ɗayan fa? Ka haɗa da shinkafa ka cinye ne?"

"A nan ya faɗi, yallaɓai."

"To kowa ya duƙa. Ku neme shi kamar budurwarku ce ta ɓata!"

Muka jeru muna tonon dusar ƙanƙara da yatsu. Da farko dariya ce ta hana ni magana, daga baya tsoro. Man-seok ya zungure ni.

"Kai Bong-gil, idonka na ganin tarkace. Yau dai ka yi amfani."

"Ina dubawa, Yaya."

Da rana ta yi ƙasa sai na yi dabara. Na rarrafa bakin wayar da ta shinge filin, na yar da kwanson inda za a gani, na janye jiki don kada a ce ni ne. A bayan wayar akwai tsofaffin matan ƙauye da ke tsintar kwanso suna sayar wa maƙera masu yin cokali da kwano. Ina kallo wata ta zuro sanda mai ƙugiya, ta janye shi, ta jefa a zaninta.

Na je na ce a hankali, "Kaka, don Allah ba ni."

"Wa ya ga na ɗauka? Je ka ka share majinarka."

Ta gangara dutse abinta.

Saje Pyo ya yaga takardar hutun. Ƙanin Man-seok ne ya miƙa ƙoƙon. Tsohon bai kai girbin sha'ir ba.

Da Man-seok ya dawo daga jana'iza ya kawo mini wainar shinkafa a ƙunshe cikin jarida.

"Ungo. Kai kaɗai ka nema har da kuka rannan."

Na karɓa na ci a gabansa, domin yana tsaye yana jira ya ji ko ta yi daɗi.