Zabiyar Japan

Sau bakwai Hasiya ta karanta littafin nan, har bangonsa ya ɓalle ta liƙe shi da salatif. A wani shagon tsofaffin littattafai na Wheaton ta same shi, shekarar da suka tare a unguwar. Labarin matan Japan ne na zamanin da, waɗanda ake kira geisha, masu koyon waƙa da rawa da kiɗa tun suna ƙanana, su ci ado su nishaɗantar da manyan baƙi. Kullum da safe yana hannunta a jirgin ƙasa, a hanyarta ta zuwa gidan rediyon da take aiki a sashen Hausa, cikin Washington. Sau biyu tana zarce tasharta saboda shi.

'Yarta Ilham, mai shekara goma sha shida, wadda ke jin Hausa sarai amma sai ta mayar da amsa da Turanci, takan tsokane ta, "Mama, ko kina da dangi a Japan ne?" Hasiya sai ta murmusa ta rufe littafin.

Dangi kam akwai. Duk inda littafin ya kwatanta mace zaune gaban madubi tana gyara fuska kafin ta fita gaban jama'a, mahaifiyarta Hasiya ke gani. Uwa Zabiya ke nan ta Funtuwa, mai waƙar biki, wadda a zamaninta ba a kai amarya ta kirki sai da muryarta. Amma a Amurka babu mahalukin da ya san haka. Ita kanta Ilham abin da aka faɗa mata shi ne kakarta atamfa take sayarwa.

Abin ya faro ne tun auren Hasiya. Ita ce auta, kuma Uwa ta daɗe tana cewa ranar bikin autarta za ta ƙure maƙogwaro. Sai ga ango likita, danginsa 'yan boko masu ji da kansu. Ana saura kwana uku, Hasiya ta durƙusa ta ce, "Inna, don Allah kada ki yi waƙa a bikina." Uwa ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "To, Auta." Ranar da za a kai amarya ta cusa mata wani kaset a ƙasan akwati. Hasiya ba ta taɓa kunna shi ba. Da farko kunya ce ta hana ta, bayan Uwa ta rasu a 2009 kuma sai tsoro.

A 2012 aka ba ta minti biyar a shirin littattafai, ta zaɓi littafinta. Da ta zo fassara geisha, ta yi ta juya kalmar a ranta, daga ƙarshe ta rubuta: zabiyar Japan. Ta miƙa wa edita, Malam Abdulhamid, dattijo mai kirki wallahi, sai dai jan bironsa ba ya ƙyale kowa. Ya karanta, ya soke kalmar, ya rubuta wata a samanta.

"Hajiya Hasiya, mu daina kwana-kwana. Geisha ai karuwa ce. Karuwan Japan, shi ke nan."

"Malam, ba haka ba ne. Sana'arsu waƙa da rawa. Shekaru suke yi suna koyo."

"To, ita zabiyar fa?" Ya yi 'yar dariya. "Ai duk tafiyar ɗaya ce. Wace macen mutunci za ta tsaya tsakar jama'a tana kwarara murya?"

Tana iya yin shiru, ai ta ƙware. Shekara goma sha tara tana yi. Ta dubi jan layin da ya ratsa kalmar, zuciyarta ta yi zafi.

"Malam, ni 'yar zabiya ce."

Malam Abdulhamid ya ɗago kai, ita kuma ta ci gaba.

"Mijinta ɗaya, mahaifina, har Allah ya raba su. Muryar nan tawa da kuke yabo a rediyo, tata ce na gada."

"Subhanallahi!" Malam Abdulhamid ya dafe kai. "Ki yafe mini, Hajiya. Allah ya jiƙanta." Da hannunsa ya mayar da kalmar inda take.

Ba haushinsa take ji ba. Shi sau ɗaya ya faɗa, cikin rashin sani. Ita kuwa da saninta ta soke sunan uwarta, tun kafin ta san akwai wani Malam Abdulhamid a duniya.

Da la'asar ta isa gida, ta zaƙulo tsohuwar rediyo mai kaset daga gareji, ta goge ta da gefen mayafi. Ta kira Ilham ta zaunar da ita. Ta saka kaset ɗin nan na Uwa, ta danna.

Aka ji shuuu, sai gyaran murya.

"Auta, ni ce. Waƙarki ce, tun kina goye na fara haɗa ta. Na shigo ɗakin hatsi na rufe ƙofa. Zan yi ta ƙasa-ƙasa, kada surukanki su ji."

Sai waƙar ta fara, can ƙasan maƙoshi. Matar da ake jiyo muryarta daga bakin kasuwa, ga ta tana raɗa. Hasiya ta murɗa ƙarar rediyon har ƙarshe, hawaye na zuba, amma shuuu ɗin kawai ya ƙaru. Yadda aka ɗauki muryar, haka ta tsaya.

Ilham ta ce da Turanci, "Mama, ba na ji sosai. Wace ce?"

"Matso kusa, kawo kunnenki," in ji Hasiya. "Kakarki ce. Zabiya ce."