Tsayuwar Malam Jinjiri

Nurain mai hoto na Batsari yana da ƙaramar kyamara wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ko ido rufe ya san maɓallanta. Amma ya ga ta wani a wurin biki, baƙa mai sheƙi, sai tasa ta fita daga ransa. Haka mutanen yanzu suke, abu ba ya lalacewa kafin su raina shi. Ya tafi Katsina ya yi musanye da sabuwa, wadda bayanta duk gilashi ne da ake shafawa da yatsa.

Washegari Saude, 'yar kawunsa da ke aure a Maraɗi, ta kira shi.

"Yaya Nurain, Baba ya yarda! Don Allah ka je yau, kafin ya sake shawara."

Mahaifinta, Malam Jinjiri na Zakka, mutum ne da ya ƙi jinin hoto. Yanzu da ciwo ya kwantar da shi, Saude ta roƙe shi da kuka ya bar mata fuskarsa. Ya ce sau ɗaya, a tsaye, kuma ba da waya ba, don ba ya so a yi ta yawo da shi a duniya.

Nurain ya iske shi a zaure cikin farar riga da rawani, dattawan unguwa kewaye da shi. Tun a ƙofa ya kunna kyamarar, ya rataya a wuya don a gani. Ya durƙusa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ana ina gida, ina damina, ya dabbobi. Duk wanda ya yi wa musabaha sai ya mai da hannu ƙirji, yatsunsa su sauka kan gilashin. Bai lura ba.

Mutum biyu suka ɗaga tsohon, suka tsai da shi, suka janye hannu. Nurain ya ɗaga kyamara ya danna. Ba ta ɗauka ba. Wani jan ɗigo da ke ƙiftawa a gefe ne kawai ya ɓace. Ya shafa, wasu alamomi suka fito. Ya sake shafawa, suka ƙaru.

"Kai ɗan nan, ƙafa ce, ba turmi ba," in ji Malam Jinjiri.

"Yanzu-yanzu, Kawu."

"Ko ita ma sai an gaishe ta?" wani dattijo ya ce. Aka yi dariya, ban da Nurain.

Gumi ya jiƙa yatsansa, gilashin ya daina jin sa gaba ɗaya. Ya goga a riga, ya kashe, ya kunna, tana ta ɓata lokaci. Gwiwoyin tsohon suka fara rawa. Aka tare shi aka zaunar.

Ya warware rawaninsa yana haki.

"Na tsaya. Ku shaida na cika mata alkawari."

"Kawu, ko a zaune ne..."

"Sau ɗaya na ce."

A hanyar komawa Nurain ya tsaya gindin wata kuka ya duba. Ashe tun wurin gaisuwa ya mai da ita kan bidiyo, kuma dannawar da ya yi ta farko ce ta tsai da ɗaukar. Abin da ke ciki tabarma ce, da gwiwoyin dattawa, da gefen farar riga.

Wayarsa ta yi ƙara. Saude ce.

"Yaya, ya fito da kyau? Ya yi murmushi?"

Nurain ya buɗe baki, yana kallon tabarmar a gilashin kyamarar.