Taswirar Ezbat Hawwas

Bugun farko a baki ya samu Usta Ragab kafinta, yana tsaye a ƙofar shagonsa da kofin shayin safe a hannu. Na biyu, da bututun ƙarfe, ya sauka a kafaɗarsa. Ya durƙusa, haƙora biyu suka faɗo cikin garin katako. 'Yarsa Shahira ta fito a guje babu takalmi, wani ƙato ya cafki gyalenta ya maka ta da bango.

"An sayar da unguwar nan," in ji shi. "Wanda ya tsaya, a kansa za mu rushe."

Motar rusau na gurnani a bakin lungu. 'Yan daba sun kai talatin, da sanduna da sarƙoƙi. Ummu Sabri mai tuyar ƙosan wake ta watsa wa ɗayansu tafasasshen mai, sauran suka kifar da kaskon, suka ja ta a ƙasa har bakin kwata suna shurinta.

Shugabansu ya shimfiɗa wata babbar takarda a kan mota yana nuna gidaje da yatsa. Jini na bin goshin Shahira, amma ta gane takardar. Rubutun hannunta ne.

* * *

Wata bakwai ta yi tana zana Ezbat Hawwas, unguwar da ta shekara hamsin a gefen Alƙahira ba ta kan taswirar hukuma. Aikin kammala digirinta ne a fannin nazarin birane. Malaminta, Dakta Wagdi, shi ya zaɓa mata.

"Muddin ba a zana ku ba, ba wanda zai kawo muku famfo," ya ce.

Gida gida ta bi da igiyar awo: mutum nawa ke ciki, ta wane lungu mota za ta iya shiga, wa ke da takardar fili. Marasa takarda ta shafa musu jan launi. Kowa ya buɗe mata ƙofa, 'yar Usta ce.

"Rubuta, 'yar nan," Ummu Sabri ta ce tana dariya. "Ki sa har da ɓerayen, su ma nan aka haife su."

Da jajayen gidajen aka fara.

* * *

Kwana uku bayan rusau ta shiga ofishin malamin da bandeji a kai.

"Dakta, wa ka ba taswirata?"

"Zauna, Shahira. Kamfanin da ya sayi unguwar ya nemi shawarata, na ba su abin da ke cikin ma'ajiyar sashenmu. Aikin ɗalibi ai na jami'a ne."

"An karya wa babana muƙamuƙi. Ummu Sabri ba ta farfaɗo ba har yanzu. Ɗanta a fuska ya tofa min yawu."

"Ni ban aiki kowa da sanda ba." Ya gyara tabarau. "Ke kika zo ta ɗaya a ajinku. Kamfanin ma ya tambayi sunanki."

Ta ɗauki tokar sigarinsa da mazubinta na gilashi, ta wurga. Ya kauce, gilashin kabad ya tarwatse a bayansa. Masu gadi suka fitar da ita suna murɗe mata hannu. Bai kai ƙara ba.

* * *

Takardar digiri ta iske su a tanti, a filin da aka tara mutanen unguwar. Usta Ragab, muƙamuƙi ɗaure da wayar ƙarfe ta asibiti, hannun dama ya shanye, ya yi kwana biyu yana yi mata firam da hagu daga guntun ƙyauren da aka tsamo cikin ɓaraguzai. Da ya gama ya miƙe riƙe da ƙusa, yana duban tantin ta ko'ina.

Matarsa ta karɓa a hankali. Ta jingine firam ɗin a bayan tukunyar gas, ta juya fuskarsa ciki, don maƙwabta suna wucewa ta ƙofar.