Sandar Awon Baba Kefas

Rhoda ta lura da busasshen taɓo a ƙafar wandon Baba Kefas tun yana jingine kekensa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana duba sandar awon da aka kafa a wani rafi bayan Shika, ya rubuta tsayin ruwa safe da yamma, ƙarshen wata ya kawo littafin ofishin su Rhoda a Samaru. Da irin lambobinsa ake gane ko fari ya shigo yankin.

Bana ruwan sama ya ɗauke tun tsakiyar Yuli, masara ta naɗe ganye. Amma rahoton da Rhoda ta haɗa ya ce rafin lafiya lau, aka cire ƙauyukan wajen daga jerin masu samun agajin iri. Jiya Dokta Chiedozie, shugaban sashe, ya je ya gani da idonsa.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Dokta, da Hausarsa ta haifaffen Sabon Gari. "Ku zo ku ga mutumin da shi kaɗai ya hana fari shiga Zariya."

Ma'aikata suka taru a bakin ƙofa suna murmushi.

"Ina sandarmu?" in ji Dokta.

"Tana cikin ruwa, oga."

"Wane ruwan? Inda muka kafa ta yashi ne, har awaki na kwance."

"Ruwan ne ya janye ya bar ta. Sai na tuge ta na kai gurbin da ya rage a ƙarƙashin gada. In ya ƙara ja, in ƙara matsawa da ita."

"Sau nawa?"

"Huɗu."

"Wato ruwa na gudu, kana bin sa da sanda kamar ɓarawon kaza." Aka kwashe da dariya. Dokta ya ƙara da cewa, "Wa ya sa ka?"

Rhoda ta tuna. A ƙarshen Yuli da Baba Kefas ya kawo littafin, kwana uku an rubuta "babu ruwa". Tana sauri, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Baba, kwamfuta ba ta karɓar wannan. Ko ta yaya ka riƙa kawo min lamba." Ya ce, "To, 'yata."

Yanzu ya juyo yana dubanta, yana jira. Watanta shida kacal da samun aikin.

"Rhoda, ke kika shigar da lambobin. Kin san da wannan?"

"A'a, Dokta. Abin da ya rubuta na shigar."

"To buga masa takardar sallama. Ki sa manyan haruffa, kada ya ce bai gani ba."

Ta zauna ta fara bugawa. Da ta zo wurin cikakken suna, sai ta ga ba ta san sunan mahaifin Baba Kefas ba. Ta ɗago za ta tambaya. Ya riga ya ajiye littafin a gefen teburinta, ya ratsa tsakanin masu kallo ya fita.