Raɗar da Tafinta Bai Fassara Ba

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana fassara a kotu, shi ya sa ko bayan ya yi ritaya kowa Tafinta yake ce masa, har jikokinsa. Duk ran Asabar da la'asar yakan je shagon ƙanensa mai aski, ya zauna a kujerar da ke kusa da fanka, ko da ba aski zai yi ba.

A wannan Asabar ɗin shagon cike yake maƙil, amma mutum biyu ne kawai suka zo aski. Sauran shirin nan suka zo ji, wanda ke tono tsofaffin shari'o'in kisa. Ƙanen ya jona wayarsa da sifika ya ƙure murya. Kashi na uku ke nan na labarin wata mai girki da aka ɗaure shekara ashirin da biyu da suka wuce, bisa laifin zuba wa ubangidanta guba a shayi. Wani mai gyaran fanfo da aka aske masa rabin kai sai rantsuwa yake yi tun kashi na ɗaya ya gano ita ce.

Tafinta ne ya yi fassara a shari'ar, amma ba ya son a sani.

Can sai mai gabatarwa ya sassauta murya, kiɗa ya yi ƙasa. "Da za a fita da ita, sai ta raɗa wa wani ma'aikacin kotu cewa 'yan kunnen suna cikin gwangwanin madara a bayan murhu. 'Yan kunnen wa? Masu sauraro, ku yi lissafi da kanku."

Shago ya kaure. "Ashe sata ce ta sa ta kashe shi!" in ji mai gyaran fanfo.

Tafinta ne aka raɗa wa maganar, kuma bai fassara ba, don ba kotu aka yi wa ba. Saƙo ne ga 'yar matar, kuma 'yan kunnen na ita mai girkin ne, na tagulla, ɗaya ma ya lanƙwashe. Da ƙafarsa ya je ya isar da saƙon. Ba ya cikin fayil, ba ya cikin jarida. Sau ɗaya ya taɓa faɗinsa, tuntuni, suna cin abinci shi da matarsa da wannan ƙanen nasa.

Ya dubi ƙanen ta madubi. Ƙanen ya kawar da kai ya ci gaba da goge almakashi. Me ya sa ya kawar da kai? Kuma tun yaushe shagon nan ya fara cika haka?

A gida ya tarar da matarsa tana ninke kaya a falo, waya a cinyarta. Yana shigowa ta kifa wayar.

"Sannu da zuwa, Malam. Yau ka dawo da wuri."

"Me kike ji?"

"Ba komai. 'Yan ƙungiyarmu ne da surutunsu."

Kwana biyu yana juya abin a ransa. Mutumin da ya yi shekaru yana kallon shaidu ya san wanda ake zargi ba a tambayarsa kai tsaye. Sai ya shirya musu tarko. Ran Litinin ya je shago lokacin da ba kowa, ya ce wa ƙanen, kamar maganar ta kuɓuce masa ne, ai matar nan dariya ta yi da aka yanke mata hukunci.

"Kai, Yaya! Dariya fa?"

"Ka bar shi a cikinka."

Ran Talata kuma, matarsa na zuba masa ruwan zafi a kofi, ya ce mata ai akwai ragowar raɗar da bai taɓa faɗa wa kowa ba: wai a gaishe mata da direban gidan. Duk biyun ƙarya ce. Mai girkin ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ambaci direba ba. Shi dai ya tuna an kira wani direba shaida, siririn mutum mai in'ina, sai ya ɗauko shi don labarin ya zauna.

A ransa ya riga ya yanke cewa dariyar ce za ta fito. Har ya tsara abin da zai gaya wa ƙanen a gaban mutane.

Ran Asabar ya zauna a kujerarsa, hannu harɗe a ƙirji. Shirin ya yi nisa ba a ambaci dariya ba. Saura minti biyar a gama, mai gabatarwa ya ce wata majiya mai tushe ta tabbatar musu akwai mutum na biyu: direban gidan. Ya ce mutumin yana nan da ransa, yana sayar da taya a wata kasuwa, kuma masu sauraro sun fara turo hotunan shagonsa.

Tafinta bai san lokacin da ya iso gida ba.

"Ke ce," ya ce wa matarsa.

Ba ta musa ba. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Wallahi Malam, ni ban aika wa kowa ba. A ƙungiyarmu na faɗa, mu goma sha huɗu ne kacal. Kowa na kawo nata hasashen, ni da mijina yana wurin sai in yi shiru kamar ban san komai ba?"

"A cikin sha huɗun wa ta aika?"

"Ina zan sani? Ko matar likitan haƙori, ita ce ke son a ambace ta a shirin. Amma ai gaskiya ce, ko ba haka ba? Kai ka faɗa mini."

"Ƙarya na yi miki."

Ta dube shi. "Shekara talatin da huɗu muna tare, gwada ni ka yi?"

Ya shiga ɗaki ya nemo lambar shirin, ya kira. Mai gabatarwar da kansa ya ɗauka. Tafinta ya yi masa bayani dalla-dalla: 'yan kunnen na mai girkin ne, maganar direba shi ya ƙirƙira, a taimaka a janye kafin a cuci bawan Allah.

"Baba, tsaya tukuna. Kana nufin kai ne tafintan? Kai ta raɗa wa?" Muryar har rawa take don murna. "Me ya sa ba ka gaya wa alƙali ba a lokacin? Kuma me ya sa kake kare direban yanzu? Kun san juna ne?"

Tafinta ya ji wani ɗan ƙara a layin, irin na na'urar ɗaukar magana. Ya kashe wayar.

Washegari ya shiga mota ya tafi kasuwar 'yan taya. Bai sha wuyar gane shagon ba, don akwai mutane biyar ko shida a tsallaken titi suna ɗaukar hotonsa da wayoyinsu. Ƙofar a rufe take da kwaɗo. Maƙwabcin shagon, wani mai faci, ya ce mutumin bai fito ba yau, kuma ba ya ɗaukar waya.

"Kai ma daga shirin kake?" mai facin ya tambaya, yana ƙare masa kallo.

"A'a. Saƙo nake da shi."

"Duk haka suke cewa."

Tafinta ya yagi takarda daga ɗan littafin aljihunsa. Ya rubuta ko shi wane ne, da abin da ya yi, da lambar wayarsa, ya tura ta ƙarƙashin ƙofa. Da ya miƙe, sai ya ga wayoyin tsallaken titi duk sun juyo kansa. Ya gyara hularsa ya nufi tasha a hankali, yana jin takun mutum biyu a bayansa. Bai waiwaya ba har ya shiga mota.