Rabon Asu

Mardiyya ta bar wa asu rabin bargon ubanta, da gangan.

Uban nata, Illo, bai sani ba sai ranar da sanyi ya fara, ya buɗe adaka. Bargon ulu ne, baƙi da fari, wanda mahaifinsa ya sayo a hannun Fulanin yamma ya bar masa. Shekara talatin yana ajiye shi da kafur da busasshen barkono. A bana ɗiyarsa, mai karatun kimiyya a Sakkwato, ta zo da wani ruwa a jarka kafin damina. Ta ce akwai ƙwayoyin sinadari a ciki da ido ba ya gani, nano ake ce musu, suna maƙalewa cikin zare, asu ya ci ya mutu. Ta zubar da barkonon. Illo ya yarda don ba ya son a ce tsoron jarka yake.

Ya warware bargon a tsakar gida. Gefe guda lafiya lau. Ɗaya gefen kuwa rariya.

"Mi kinka yi?"

Mardiyya ta durƙusa, fuskarta fal murna. "Baba, ya yi aiki! Rabi kawai na tsoma. Ƙa'ida ce, dole a bar rabi ba magani."

"Don mi?"

"Don a tabbatar akwai asu cikin adakar."

"Da kin tambaye ni. Shekara talatin muna zaune tare, ni da asun."

Matarsa Tasalla ta leƙo daga madafa. "Malam, ai ta yi adalci. Kai rabi, asu rabi. Ko alƙali sai haka."

Illo ya duƙa kan bargon. Ya zura yatsa cikin wani rami ya fito ta baya. Daidai nan mahaifinsa yake ɗora kai a da. Ya shafa gefen da ya tsira, ya ja zaren da ƙarfi, bai tsinke ba.

"Da sauran ruwan?"

"Akwai, Baba."

"Ki tsoma hulata. Duka, ba rabi ba."

Ta yi dariya, sannan ta sassauta murya. "Jibi za ni koma. Ka ara mini bargon in nuna wa malamai. Ɗan ƙyalle kaɗan za su yanka su duba."

Illo ya naɗe bargon, ramukan a ciki, ya zauna a kansa.

"Su kawo na ubansu. Wanga ba shi zuwa ko'ina."